Shekarar da Kawu Ya Shanya Tuwo

Bana ruwa ya yi jinkiri. Hadari zai haɗu ta gabas, ya yi baƙi ƙirin har kaji su fara neman mafaka, sai iska ta taso ta kwashe shi ta yi wajen Bungudu da shi, a bar mu da gumi. Ni yanzu ba ni da gona. Tun da zaman ƙauye ya gagara muka tattaro muka dawo Sabon Gari nan Gusau, gidan haya, wurin ɗana Nasiru. Amma wanda ya tashi a gona ko a kan bene ka ajiye shi idonsa yana sama.

Nasiru wake yake saye a kasuwar Tsafe yana kawowa Gusau. Maƙwabcinmu Malam Yohanna, mutumin Jos da ya tsufa a garin nan, shi ke loda wa motocin kudu. Tare suke ci, tare suke musu. Ran nan da la'asar ina tsintar shinkafa a bakin ƙofa, su suna kan benci suna fifita da kwali, sai suka tayar.

"Ni fa tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar nan ta ƙasashenmu ban ga asara ba," in ji Nasiru. "Wakensu ya rage shigowa, namu ya yi daraja. Manomin Tsafe ya fara jin daɗin guminsa."

"Daraja a bakinka," Malam Yohanna ya ce. "Tsada daban, ciniki daban. Mutanena da ke cika mota, yanzu rabi suke ɗauka, shi ma da ƙorafi. Je ka kara ka tambayi 'yan shanu. Mota ta wuni a bakin iyaka ta kwana, ana neman takardar da jiya ba a san da ita ba."

"Ai an ce za a zauna a ƙulla sabuwar yarjejeniya, mu da su kai tsaye. Ta ma fi riba."

"An ce, an ce! Manomin nan da kake tausayi, ina zai samu ɗan bijimin huɗa mai sauƙi kafin a gama zaman?"

"To su riƙe nasu mu riƙe namu," Nasiru ya ce. "Kowa ya ci na gidansu."

Saura kaɗan faifan ya suɓuce mini. Malam Yohanna ya lura, ya ce, "Mama, ke kin ga jiya kin ga yau. Raba mu."

Na ce, "Ni me na sani a sha'anin ƙasashe?" Na kwashe shinkafata na shige ciki. Nasiru bai san maganar nan gadonta ya yi ba. Ba a haife shi ba lokacin da na ji ta a bakin mahaifinsa.

Mahaifiyata 'yar tsallake ce, daga wani ƙauye kusa da Maraɗi. Ƙaninta, Kawu Idi, falke ne. Kowace shekara in an gama kaka sai ka ji kukan raƙuma a bakin garinmu, can bayan Bungudu, ka san Kawu ya iso. Kanwa yake kawowa, da kantun gishiri, da ɗan dabino na yara, ya koma da dawa da gero. Gidan surukina ne masaukinsa tun suna samari, kuma a kan wannan hanya ta kanwa aka ƙulla aurena da Malam, mahaifin Nasiru. Da mahaifiyata ta rasu, Kawu ya zame mini abin kallo. Goshinsu ɗaya, dariyarsu ɗaya.

Shekarar da nake faɗi ina goyon fari, surukina ya rasu, gida ya koma hannun Malam da mahaifiyarsa, Iya. Bazarar ta zo da zafin da ban taɓa ji ba. Ƙasa takan ƙone tafin ƙafa tun hantsi. Rijiya ta yi ƙasa har sai da aka ɗaura wa igiyar guga tsohon zane, abin da ke fitowa kuma rabinsa laka, sai an bar shi ya kwanta. Maza suka yi sassabe suka ƙone, suka yi binne a busasshiyar ƙasa suna jiran rahama. Ruwan farko ya zo ɗan yayyafi, ya ta da ƙamshin ƙasa ya yaudari iri. Tsiro ya leƙo, rana ta gasa shi. Aka sake shuka. Aka kuma sakewa, da irin da Iya ta ɓoye a tulu ta liƙe bakinsa da toka.

Ranar gayyar gonarmu ni da matan maƙwabta muka tashi tun asuba muna daka. Muka ɗauki ƙoren fura muka nufi gona, goyona yana ta kuka don zafi. Da can tun daga nesa kake jiyo kiɗa da kirarin samari. Ran nan fartanya kawai muke ji tana ƙara kamar ana dukan dutse. Suka sha furar tsaye, babu mai zolayar wani, kowa na satar kallon sama.

Gero ya fara fidda kai, ruwa ya ɗauke. In ka murza zangarniya a hannu sai ƙaiƙayi. Dawar fadama ce kawai ta rufa mana asiri, ga kuma rumbun bara da bai ƙare ba. A garinmu ba mu ne ƙarshen wahala ba. In aka yi tattali za mu ga baɗi, har a ɗan samu rara.

Cikin haka aka ji a rediyo gwamnati ta rufe iyaka, ba shiga ba fita. Maza suka samu abin yi a gindin tsamiyar masallaci. Mu mata mukan tsinci maganar in mun wuce da tulu. Malam shi ke da rediyo, don haka muryarsa ta fi ta kowa.

"Alheri ne," yake cewa. "Hatsinmu ya zauna gida. Shekara da shekaru muna ba su abinci suna ba mu gishiri. Kowa ya ci na gidansu."

Wani tsoho, Baba Jatau, ya ce, "Yaro, kanwar da ke cikin kununka a gonar ubanka take tsira? Shanun da kuke huɗa da su fa, daga ina suka hito? Hanyag ga ta girmi kakanka."

"Zamani ya sauya, Baba. Gusau na da komi."

Ba a daɗe ba kuwa Gusau ta zo da kanta. Wani Alhaji mai motoci ya sauka gidan mai gari da tayinsa. Zai kwashe duk rarar hatsin gari, shi kuma ya kawo takin zamani kafin ruwa, da kananzir, da gishirin kudu. Sharaɗi ɗaya, kada a sayar wa kowa sai shi. Aka yi ta ja, masu so suka rinjayi marasa so, aka shafa Fatiha. Mai gari ya ƙara da gargaɗi: duk wanda aka kama ya tura hatsi arewa, shi da hukuma.

Ranar da Kawu ya iso ban ji kukan raƙumi ba. Ina masussuka ina shiƙar dawa sai na hango mutum yana janye da jaki, ba ta hanyar gari ba, ta cikin karan gona. Rawaninsa ya yi masa yawa. Ƙafafunsa sun tsage, ya ɗaure ɗaya da tsumma. A kan jakin babu komai sai taiki a ninke.

"Rabi," ya ce, "ba ki gane ni ba?"

Na yar da ƙwarya na durƙusa. "Kawu! Ina raƙuman?"

"Sun riga ni hutawa," ya ce, ya yi dariyar nan ta mahaifiyata.

Da na kai masa fura zaure na tarar ya riga ya fara magana da Malam. Na ajiye na koma bayan ƙofa na tsaya.

"Malam, bana ban zo da komi ba. Can wajenmu mata sun fara tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Ga jakin nan, shi kaɗai ya rage. Ku riƙe shi, ku ba ni abin da kaina ka iya ɗauka."

Sannan na ji muryar Malam, ta yi ƙasa yadda ban saba ji ba.

"Kawu, wallahi da ka riga zuwa... Mun yi alkawari, an shafa Fatiha gaban jama'a. Ni na tsaya a kan maganar. Ga kuma doka, in aka gan ka da hatsi a hanya, da ni da kai duka."

"Alkawari kaya ne," Kawu ya ce. "Ba komi, Malam. Ka bar ni in ɗan kwana biyu ƙafata ta warke."

Ba zan ce Malam mugu ba ne. Bakuna da yawa suna kansa, yana tsoron hukuma, kuma ya yi magana da ƙarfi a gindin tsamiya har ba ya iya haɗiye ta. Duk na san wannan. Amma da na koma madafa sai na kasa ɗaga muciya.

Abin da ya rage mini shi ne tukunya. Kullum da yamma in tuƙa tuwon dawa, in yi miyar kuka da 'yar daddawar da ta saura, in kai masa akushi. Shi kaɗai yake ci, don Malam ba ya cin abinci gaban suruki. Akushin kan dawo tas kamar an wanke. Na riƙa jin sanyi a raina, ina cewa ko ba komai Kawu zai koma da ƙarfinsa.

Wata rana da hantsi na zagaya bayan zaure in ɗauko busasshiyar kuɓewa a kan rumfa. Na taka turmi na leƙa. Sai ga tuwona. An yanyanka shi fale-fale, an jera a kan tsohon faifai da wani yagaggen buhu, an ɗora reshen ƙaya a kai saboda kaji da shaho. Na jiya yana nan da ɗanyensa, na shekaranjiya ya fara ƙanƙancewa, na farko ya bushe ƙamas. Ashe miyar kawai yake lasa. Tuwon na yaransa ne.

Ban san tsawon tsayuwar da na yi a kan turmin nan ba. Da na sauko sai na ga Iya a bayana. Ta dube ni, ta ɗaga kai ta dubi rumfar, ta juya ta koma ciki.

Iya mace ce mai tsanani. Ita ke awo, kuma tun da aka shiga shekarar nan sai ta shafe bakin tiya da hannu kafin ta juye mini. Washegari ta auna na kullum, ta ƙara, ta sake ƙarawa har da tozo.

Na ce, "Iya, ya yi yawa."

"Na tambaye ki?" ta ce. "Baƙo gare mu. Kuma ki bar wuta ta kama gindin tukunya da kyau, ƙanzo nake so."

Iya ba ta da haƙorin cin ƙanzo. Duka-duka guda nawa suka rage mata.

Tun daga ranar akushin Kawu ya koma kamar na 'yan gayya. Da hannu biyu nake ɗauka, malmala kan malmala, ƙanzo a gefe cikin ƙwarya. Dole in wuce ta gaban Malam. Ranar farko ya bi akushin da kallo, ya buɗe baki, sai ya mai da kai kan rediyonsa yana murɗawa. Bai taɓa tambaya ba. Gida guda, kowa ya sani, kowa ya san ɗan'uwansa ya sani, babu mai furtawa. Hatsin da aka hana mutum a buhu, shi muke tura masa a ɓoye cikin kwanon baƙo, kamar masu ciyar da ɓarawo.

Abin da ya fi yi mini nauyi gaisuwar safe. In durƙusa a ƙofar zaure kaina a ƙasa.

"Kawu, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Tuwonki ya yi daɗi jiya. Hannun uwarki kika ɗauko."

In ce na gode. In tashi da sauri kafin ya ga idona.

Sai ranar da motar Alhaji ta zo. Ta tsaya a ƙofar gidanmu, don namu ya fi yawa. An riga an sussuke an ɗura a buhuna, maza suka fara fitarwa. Ina leƙe ta hudar zana da goyo a baya. Kawu yana zaune a inuwar zaure. Ya dubi buhunan nan suna wucewa ta gabansa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya miƙe, ya warware rawaninsa ya ɗaure ƙugu da shi, ya je ya duƙa.

"Kawu, don girman Allah bari!" Malam ya ce.

"Baƙon da ya kwana biyu ɗan gida ne. Ba a aiki ina zaune. Ku ɗora mini."

Suka tsaya suna kallon juna. Ya ƙi tashi daga duƙen. Ƙarshe aka ɗora masa. Ƙafafun nan kamar sillen kara, ya taka a hankali har gindin mota, ya dawo ya sake duƙawa. Wani buhu yana da ɗan huji, dawa tana zuba a bayansa tana yin layi a ƙasa. Da ya juyo ya ga layin, ya ɗan tsaya. Na ɗauka zai tsugunna. Sai ya kewaye shi don kada ya taka, kaji suka rufa a kai.

Baba Jatau da ke tsaye da sandarsa ya tofar da yawu ya tafi. Ni kuwa na sulale na zauna a gindin zana, na cusa bakin zane a bakina. Na so ƙasa ta tsage. Ranar har rana ta faɗi ba a ji muryar Malam a gidan ba.

Da safe Kawu ya yi sallama. Busasshen tuwo da ƙanzo bai cika ko rabin taikin ba, yana ƙwaram-ƙwaram in jakin ya motsa. Ya shafa kan jaririna ya yi masa addu'a. Ya ce mini, "Ki riƙe mijinki da kyau, mutumin kirki ne. Lokaci ne ya zo haka." Ya bi ta cikin karan gona yadda ya zo.

Kananzir ɗin Alhaji ya zo sau ɗaya. Gishiri ya zo. Kanwa kuwa babu mai ita, awaki suka koma lasar katanga. Takin zamani bai iso ba sai da dawar baɗi ta kai gwiwa. Kafin nan namu rumbun ya ga ƙasa, don an yi lissafin rara da baki ne, ba da ciki ba. Muka koma cin ganyen tafasa da yaɗiya, a dafa a matse a barbaɗa ɗan ƙuli. Dusar da muke ba tumaki muka riƙa tankaɗewa muna kunu. Nonona ya ƙafe, yaro ya tsotsa ya saki ya yi kuka ba hawaye. Ana noma kana ganin taurari da rana tsaka.

Tun kafin ruwa ya sauka labari ya zo ta bakin direbobi. Hatsinmu bai zauna gida ba. Ta hanyar daji aka bi da shi arewa, aka sayar a kasuwannin tsallake da tsadar da sai wanda ya rabu da garkensa zai iya saye. Maza suka sake komawa gindin tsamiya. Wasu suka ce rufe iyaka daidai ne, Alhaji ne ya ci amana. Wasu suka ce da an bar fatakenmu da muka sani, da kanwa ba ta yanke ba, da zumunci bai yanke ba. Aka yi ta yi har damina ta raba su. Malam dai bai ƙara zama a wurin ba. In an sallame salla sai ya ɗauki takalmansa.

Da aka buɗe iyaka Kawu bai dawo gidanmu ba. Muka ji yana zuwa kasuwar Tsafe da jakuna. Kowace shekara yakan aiko da gaisuwa da ɗan ƙullin dabino, ba da wata magana ba. Malam ya taɓa shiryawa takanas ya tafi Tsafe don ya gan shi. Ya dawo da yamma na tambaye shi, ya ce ya hango shi a rumfar masu kanwa. "Kun gaisa?" Ya ce, "Mutane sun yi yawa."

Yau ba mu da rumbun da za a hana wani ko a ba shi. Da tiya muke saye kamar kowa, gonar fadamar nan kuwa rabon da ƙafarmu ta taka ta har na manta. Su Nasiru da Malam Yohanna kowa da gaskiyarsa, kuma ban isa in ce ga wanda ya fi ba. Su suna ganin motoci da takardu. Ni in aka ambaci iyaka ƙafar Kawu nake gani ɗaure da tsumma.

Shekaru da yawa bayan shekarar yunwar nan, muna ƙauye tukuna, aka aiko Kawu ya rasu. Na tafi gaisuwa. Ban taɓa zuwa garin ba sai lokacin. Na tarar da mata cike da tsakar gida. Matarsa, Inna Hajo, da aka gaya mata ko ni wace ce, sai ta kama hannuna ta ɗaga shi sama.

"Kun ga wagga? Ita ce Rabi ta Bungudu, wadda ta aiko muna da tuwo shekarar yunwa! Jiƙa shi muka riƙa yi kaɗan-kaɗan muna ba yara, har aka fara rabon taimako. Idi ya ce rumbunansu wayam, fari ya cinye su kamar mu, amma suka raba bakinsu da mu. Ya ce mijinta har kuka ya yi don ba shi da abin ba shi."

Mata suka yi ta sa mini albarka. Wata tsohuwa ta rarrafo ta shafa kaina. Wani magidanci da gemunsa ya zo ya durƙusa, aka ce yana cikin yaran da suka ci. Kawu yana kabari, shi ya rufa mana wannan bargon da hannunsa, ni ce zan yaye? Na sunkuyar da kai na yi ta kuka, suka ɗauka na rashi ne kawai.

Da zan taho Inna Hajo ta ɗaura mini gero a bakin zane, mai yawa, na sabuwar kaka. Na ƙi, ta rantse. Haka na ɗauko shi a ka na ƙetaro da shi.

Kwana biyu da dawowata na surfa na daka na yi fura. Malam ya dawo daga gona da azahar, a gajiye, bai sa komai a cikinsa ba tun safe. Na dama da nono na kai masa. Ya ɗebi ludayi ɗaya ya sha, ya ɗan tsaya.

"Geron ina ne wanga? Ba namu ba ne."

"Na gidan Kawu ne."

Can ya ce, "Mi suka ce?"

Na gaya masa duka, yadda Inna Hajo ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Yana sauraro yana kallon cikin ƙwaryar. Da na gama ya ajiye ludayin a hankali, ya jawo faifai ya rufe.

"Kai wa yara," ya ce.

Ya ɗauki fartanyarsa ya koma gona cikin ranar nan.